Kwabon Sarkin da Ya Kwashe Gari

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. 'Yata ce take rubuta wannan, mai bi wa ɗan farina, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Bronx. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, ko da maganar ta taɓa yayanta, kada ta gyara min. In kuma ta ga na yi shiru ina share ido, ta ajiye biro ta jira ni, don har yau ba na iya ambaton Malam idona a bushe.

Malam shi ne mijina. Shekara ashirin da shida muka yi a hawa na huɗu na wani tsohon bene a titin Grand Concourse, ban da waɗanda muka yi a Kano kafin ya aiko min da takardu. Tasi ya fara ja, da bayansa ya gaza sai ya kafa tebur a gefen Fordham Road yana sayar da huluna da carbi da turare. Gidan ba wani gida ba ne. Rufin banɗaki yana yoyo, ɓeraye sun san mu mun san su. Amma a nan na aurar da 'ya'yana biyu, a nan kuma Malam ya cika.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wani dattijo Ba'indiye, musulmi, wanda ya koyar da tarihi a ƙasarsu kafin 'yarsa ta ɗauko shi. Tare suke zuwa masallaci da Malam, bayan la'asar kuma su zauna a falonmu in dafa musu shayi mai citta da madara. Su Turanci suke yi. Duk abin da ya yi wa Malam daɗi sai ya ɗaga murya ya juya min shi da Hausa ina kicin.

Ta haka na san wani sarkinsu na zamanin da, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. An faɗa min sunansa ya fi sau goma, bai zauna min ba, ban kuma damu ya zauna ba.

"Hajiya, bar tukunyar nan ki zo ki ji sarki," in ji Malam. "Mahaddacin Alƙur'ani ne fa. Ya san lissafi, ya san magani, rubutun hannunsa ma abin kallo ne. Baƙo in ya shiga fadarsa ba ya fita hannu rabbana."

"Madalla," na ce. "Sai me ya yi?"

Ga abin da ya yi. Ya dubi ƙasarsa ya ga ta yi faɗi, babban birninsa kuma yana can arewa, bai zauna a tsakiya ba. Sai ya zaɓi wani gari a kudu, tafiyar kwana arba'in a ƙasa, ya ce nan ne sabuwar fada, mutanen birni su tattara su koma can. Malamai, 'yan kasuwa, masaƙa, mata masu goyo, tsofaffi. Dattijon ya ce masana suna gardama ko kowa da kowa aka kwasa ko manya ne da iyalansu, amma ba mai musun cewa an mutu a hanya, an kuma mutu bayan an isa, har maƙabartu suka zagaye sabon garin. Ya ce ana ba da labarin wani makaho da ya ƙi tashi, aka ɗaura masa igiya a ƙafa aka ja shi, ƙafar ce kawai ta isa. Ana kuma cewa sarkin ya hau soro ya dubi birni bai hango hayaƙin girki ko ɗaya ba, sai hankalinsa ya kwanta. Bayan 'yan shekaru ya ga abin bai yi ba, ya ce kowa ya koma inda ya fito.

Na tsaya da ludayi a hannu.

"Wannan ne mahaddacin?"

"Ke ba ki gane ba," in ji Malam. "Ya dasa itatuwa a hanya don inuwa, ya gina masaukai, ya ba da guzuri. Mutumin ya hango nesa ne, talakawansa ne ba su kai shi tunani ba."

"Wanda ya kore ka daga ɗakinka ya dasa maka bishiya, inuwar me za ka sha? Da ya bar su a gida ai suna da rufi."

"Ji mace! Ana maganar mulkin ƙasa tana maganar rufi."

"To ka faɗa wa abokinka, in ya sake kawo sarkin nan gidana ba madara a shayinsa."

Malam ya juya masa, dattijon ya yi dariya har ya ƙware. Washegari sai ga shi da wani ɗan kwabo na tagulla, baƙi ƙirin, bai wuce girman maɓallin kwat ba, ya ba Malam kyauta. Ya ce na sarkin ne. Wai da azurfa ta yi masa ƙaranci sai ya buga tagulla ya ce daga yau darajarta ɗaya da azurfa, don shi ya faɗa. Kowane maƙeri ya shiga buga nasa a gida, har abin ya lalace. Malam ya kai kwabon bakin taga ya sa tabarau, da yake yana karanta Larabci, ya ce an rubuta a jiki cewa wanda ya bi sarki ya bi Allah. Ya jefa shi a aljihun rigarsa ta Juma'a, nan ya zauna.

Da shekara ta zagayo wani kamfani ya sayi benenmu. Suka aiko manaja, wata mata mai yawan murmushi, ta bi ƙofa-ƙofa da kwandon lemo da tuffa. Ta tara mu a ƙasa ta ce za a gyara gidan tun daga tushe, kowa ya fita na ɗan lokaci, za su ba da motar kwasar kaya kyauta, su sama wa kowa wurin zama, in an gama a dawo. Ta sa rana. Malam ne ya fara sa hannu a takardar yarda.

"Kai da sarkinka," na ce masa da muka hau sama. "Ga itatuwan nan an kawo maka a kwando."

"Ke da kike kukan yoyo kullum? In ba a fita ba ta ina za a gyara?"

Ban ja ba, don gaskiya ina kukan yoyo. Da ya rayu da na bi shi duk inda aka kai mu, ko da ina gunaguni. Amma sati uku bayan haka ya dawo daga sallar Juma'a, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa a doguwar kujera. Na je ɗebo masa ruwa. Kafin in dawo da kwanon an gama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajiye biron nan tukuna.

Aka kai shi maƙabartar musulmi a New Jersey, ni kuma na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba turare, ba kwalli, ba lalle, kuma mace a ɗakin da mijinta ya bar ta take kwana har ta gama. In akwai lalura kamar asibiti tana iya fita da rana, amma ta dawo ta kwana a ɗakinta. Haka uwata ta yi wa ubana, haka kakata ta yi. Shi ne abu na ƙarshe da mace ke yi wa miji. Ban iya karatu ba balle in sauke masa Alƙur'ani, zaman nan kaɗai nake da shi.

Da yake ban san kalanda ba, na ƙirga wake ɗari da talatin na zuba a kwanon shan Malam, na ajiye wani kwano a gefe. Kowace safiya bayan asuba in ɗauki ƙwaya ɗaya in mayar ɗaya kwanon. 'Yata ta duba takardar kamfani ta ce ranar da suka sa ta riga ƙarshen takabata da fiye da wata guda. Na ce su jira. Benen da ya yi shekara da shekaru yana yoyo ba wata ɗaya ne zai rushe shi ba.

Ba su jira ba. Gida ya fara watsewa. Matar Kumasi ta hawa na biyu, wadda ƙamshin shinkafa da wakenta ke cika bene kowace Asabar, aka kai ta can ƙarshen Bronx inda sai ta hau bas biyu kafin ta ga jirgi. Telan Damagaram da iyalinsa suka tafi. Kullum sai in ji ana jan katifa a matakala. Sai aka kashe lif, wai gyara. Sai aka yanke gas, wai tsaro. Manajar takan hau har hawa na huɗu da la'asar ta tsaya a baranda, ina jin takalminta, tana saurare ko akwai rediyon da ke magana. Sannan ta ƙwanƙwasa ta tambayi lafiyata. Ran nan har katin ta'aziyya ta miƙo min mai hoton fure, da murmushin nan nata. Ban taɓa jin ƙyamar murmushi ba sai a kanta.

Matan masallaci ne suka riƙe ni. Suka raba kwanaki, wannan ta kawo tuwo a kula, waccan ta sayo abinci a layin 116 na Harlem, ta hau matakala tana haki tana zagin kamfani da Hausa da Faransanci. Matar Kumasi ma da bas biyunta ba ta fasa Asabar ba.

"Hajiya, kada ki motsa," take cewa. "In sun isa su zo su ɗauke ki da kujerar."

Dattijo Ba'indiye shi ne na ƙarshe kafin ni. Ranar da 'yarsa ta zo ɗaukarsa ya tsaya a bakin ƙofata, ni ina ciki bayan labule, 'yata tana tsakani tana fassara. Ya yi kuka don Malam. Sannan, da yake malamin makaranta ba ya barin hali, ya ce in yi haƙuri, ƙaura ba duka sharri ba ce. Wai mutanen da sarkin nan ya kwasa, waɗanda suka zauna a kudu, su suka yaɗa ilimi a can, har da waliyyai a cikinsu, kuma wani sabon harshe mai daɗi ya tsiro daga cuɗanyarsu da mutanen wurin. Wai masana da yawa yanzu suna cewa sarkin ya riga zamaninsa ne.

Na ce wa 'yata ta tambaye shi, masanan nan a ƙafa suka je ko a kujera suka rubuta? Ta kuma tambaye shi, makahon nan da wane harshe ya yi ihu, tsohon ko sabon?

"Umma, ba zan faɗa masa haka ba, tsoho ne."

"Ni yarinya ce? Faɗa masa."

Ta faɗa. Sai ya ce Malam ya sha gaya masa cewa ni ce mai gaskiya, amma ba zai faɗa a gabana ba. Ban sani ba ko haka aka yi ko lallashi ne. Aka riƙe shi aka sauka da shi a hankali, na saurari sandarsa har ta ɓace.

Saura ɗan farina. Ba na kiran sunansa ko a gabansa, balle a takarda. Yana aiki a ofishin wata ƙungiya ta duniya a Manhattan, yana da gida a New Jersey mai ciyawa a gaba. Mai ilimi ne, mai salla, mai kyauta, ban taɓa neman abu ya hana ni ba. Kowace Lahadi sai ya hau matakalar nan ya zauna a kujerar ubansa.

"Umma, Baba da kansa ya sa hannu. Ranar ta wuce da sati biyu. Lauyansu yana kirana a ofis."

"Ubanka ya sa hannu ne yana da rai, bai san zai bar ni da takaba ba."

"Sanyi ya shigo, hita ma za su kashe. Ke kaɗai a bene gaba ɗaya, in kin faɗi wa zai ji?"

"Mai ji yana ji."

Ya kira wani malami a waya ya buɗe murya don in ji. Malamin ya ce in akwai lalura, kamar tsoro ko kora, mace tana iya ƙarasa takaba a wani wuri, ba laifi. Ban musa wa malami ba, ya fi ni sani. Na dai ce, Allah gafarta malam, ruwa na zuwa, ƙofa na kulluwa, ina da bargo uku, ba wanda ya zo min da ɗan sanda, kuma saura wake ashirin da biyu a kwano. Ya ce to, in za ki iya, zaman ya fi. Ɗana ya kashe wayar kafin malamin ya rufe baki.

Ranar da wake tara suka rage ya zo da safe ya ce yau ake ganin likitan hawan jinina. Gaskiya ne, ranar ce. Na sa hijabi, na dubi kwanukan a kan tebur, na kulle ƙofa da hannuna na ba shi makulli ya riƙe min don ba ni da aljihu. Ashe a ƙasa ya miƙa wa matarsa makullin ta tagar wata mota, ina sunkuye ina gyara takalmi. Likita ya auna ni ya ce lafiya. Muka kamo hanya. Ni ban iya karanta allon titi ba, amma na san hanyar gidana, na san shagon mai kifi, na san inda jirgi ke wucewa a sama. Sai na ga ruwa mai faɗi da ƙarafunan gada.

"Wannan ba hanyar gida ba ce."

Bai juyo ba. "Umma, ki yi haƙuri. Motar kamfani tana can tun da muka fita. Don lafiyarki na yi."

"Da makullin da na ba ka?"

Ya ci gaba da tuƙi.

"Juya motar nan."

"A kan gada ba a juyawa, Umma."

Na yi kuka a motar nan irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da Malam, don ranar Allah ne ya yi, yau kuwa wanda na goya ne. Ya san mai takaba tana fita asibiti da rana, ni na faɗa masa da bakina da ya tambaya, ta wannan ƙofar ya fitar da ni.

Ɗakin da ya shirya min ba abin da babu. Sabon gado, darduma mai laushi, hita, talabijin mai tashar Hausa, har da tukunyar fure a taga. Ya zagaya da ni yana nuna min ɗaya bayan ɗaya, yana jira in sa albarka. Ni kuwa na nemi banɗaki.

Da yamma kaya suka iso. Na tambayi surukata kwanuka biyu da ke kan tebur. Mutuniyar kirki ce, a nan aka haife ta, Hausarta ta kunne ce. Ta ce ta wanke su ta kife. Na ce waken fa? Ta ce ta ga wake a kwano biyu a buɗe, sai ta haɗe su ta juye a robar waken kicin don kada a yi asara. Ba ta san me ta yi ba, ban kuma faɗa mata ba. Ɗana ya ciro waya ya ce ba komai Umma, ga kalanda, saura kwana tara, wayar za ta riƙa tuna miki.

Na yi kwana taran a ɗakin da Malam bai taɓa kwana ba. Ranar fita takaba na yi wanka, matan masallaci suka tsallako gada da waina, aka yi addu'a. Kowa ya ce takaba ta cika, malamai ma haka suka ce, ina fata Allah ya karɓa. Amma ni na san inda hannuna ya tsaya, ɗari da ashirin da ɗaya. Washegari na ce 'yata ta zo ta ɗauke ni, a wurinta nake har yau. Ta rantse ba ta san da shirin ba. Rubuta cewa na yarda da ke, amma ba a ranar na yarda ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi kamfani ya aiko takarda, wai an gama, mai so ya dawo. Ɗana ya matsa na je na gani. An sa madubi a lif, an shafe ko'ina fari fat. An rushe bangon da ke tsakanin falo da kicin, inda doguwar kujerar Malam take yanzu wurin wanke-wanke ne. Cikin mutanen da na sani gida biyu kawai suka dawo. Dattijo Ba'indiye ya rasu a gidan 'yarsa tun a sanyin farko. Ɗana yana shafa bango yana cewa, "Kin gani, Umma? Da ba a fita ba da ba a samu haka ba." Muryar ubansa sak. Na ce ya mayar da ni.

Ban yi masa baki ba, ba kuma zan yi ba. Yana zuwa gaishe ni, ina amsawa, ina cin abin da ya kawo. Har yau bai ce ya yi kuskure ba, a ganinsa ya ceci uwarsa daga sanyi, mai yiwuwa ma haka ne. Abin da ke tayar min da zuciya a irinsu ke nan, daga sarkin har manajar har nawa na cikina. Kowannensu ya zauna ya yi tunani, tunanin ya yi masa kyau, sai ya ɗauke ka kamar katifa, ya kuma tsaya yana jiran godiya.

Kwabon yana wurina. Na same shi a aljihun rigar Juma'ar Malam ranar da muka ba da kayansa sadaka. Na ɗaga murfin kwandon shara zan jefa shi, sai na tuna abin da ya karanta min a bakin taga, cewa da sunan Allah a jiki. Ba a jefa sunan Allah a shara, ba a barinsa a ƙasa a taka. Sarkin nan ya san abin da ya yi da ya buga shi a kan tagullarsa. Ya mutu tun tuni, amma ga wata tsohuwa a Bronx tana ƙyamarsa, kuma dole ta nema wa kwabonsa wuri mai tsarki. Na ƙulle shi a tsumma na ɗora a saman durowa, nesa da carbin Malam.

Kwanon shansa kuwa yana gefen gadona. Na sa 'yata ta sayo min wake, na ƙirga tara na zuba a ciki. Ba na taɓa su, don ba ni da ɗakin da zan kwana in mayar da su ɗaya kwanon.